Zoben Idon Iya

Na san wani zai buɗe wannan shafi ya ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da zancen ido, shi da ba likita ba? To, a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani aiki da Malam ya ba mu a ajin nazarin ma'ana, ya ce kowa ya tattaro kalmomin launi na Hausa ya faɗi asalinsu. Na zauna na jera baƙi da fari da ja, na ƙara da kore da shuɗi da rawaya. Daga nan sai na ga sauran duk sai an jingina su da wani abu: ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan toka. Watau Bahaushe in ya rasa sunan launi, sai ya ce ruwan abu kaza. Da na zo kan ruwan toka sai na kasa wucewa, domin shi ne launin da ya kusa raba kakata da mutanen ƙauyenmu.

Ni mutumin ƙasar Haɗeja ne. Ƙauyenmu yana gabas da birni, a bakin fadama, inda kogin ke rarrabuwa ya bazu kafin ya nufi wajen Nguru da Gashuwa. Tsofaffinmu sun ce tun da aka datse ruwa a Tiga cikin 1974, aka ƙara da Challawa cikin 1992, zuwan ruwa ya daina bin tsarin da suka sani, kachalla kuma ta cushe hanyoyinsa. Amma abu guda bai sake ba, shi ne yadda kogin ke sauya launi. Farkon zuwansa da damina ja ne jawur. In ya kwanta da kaka sai ya yi garau, da asuba ka gan shi ruwan toka, da hantsi shuɗi, da almuru kamar an zuba masa manja. Kowane ɗan masunta ya san bambancin waɗannan. Jan damina yana bin ka har cikin ƙwarya, domin laka ce a ciki. Shuɗin hantsi kuwa aro ne daga sama, in ka ɗebo sai ka ga ruwa ne kurum. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Iya ita ce mahaifiyar babana. Sunan mijinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce Maigida. Kullum cikin yi mini gorin cefane take, wai ta auri malalaci, ni kuma in ce na sake ta, zan nemo yarinya ɗanya. Kakana masunci ne, ruwa ya ci shi tun ban yi wayo ba. Ita kuwa sana'arta banda. Ta fi shekara hamsin tana zaune gaban murhu, tana juya tarwaɗa da karfasa cikin hayaƙi. Yaran unguwa sun san ƙofarta, domin duk kifin da ya farfashe a wajen juyawa nasu ne.

Ina da kamar shekara goma sha biyu na fara lura da idonta. Wani ɗan zane ne mai ruwan toka ya fito a gefen baƙin idon, ɗaya daga ƙasa, ɗaya daga sama, kamar jinjirin wata biyu. Sannu a hankali suka yi ta tsawo har suka haɗu, suka zama zobe. A inuwa toka-toka yake, in ta fito rana sai ya yi shuɗi-shuɗi. Mu yara muka sa mata idon mage, tana dariya tana kai mana duka da mafici. Manya kuwa nasu ya fi namu nauyi. Wasu suka ce ai mutanen ruwa da suka ɗauki mijinta ne suka yi mata alama. Aka yi ta faɗa ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ɗauke shi da zafi.

Sai ga shi wata shekara ɗan maƙwabtanmu, yaro ɗan shekara shida, ya kwanta. Idonsa ya yi rawaya kamar an jiƙa shi da ruwan ɗorawa, kwana tara Allah Ya karɓi abinsa. Yaron yana cikin masu zuwa cin kifi wurin Iya. Ba wanda ya tare ta ya kira ta mayya, amma a ƙauye ba sai an faɗa ba. Yara suka ɗauke ƙafa. In ta nufo rijiya sai mata su goya 'ya'yansu su juya baya. Babana ya kai magana wurin mai unguwa, liman kuma ya yi wa'azi mai zafi a kan zato. Wutar ta lafa, amma ba ta mutu ba. Daga wannan shekara Iya ta koyi jawo mayafi har bisa gira, in tana magana da mutum sai ta dubi ƙasa. Matar da ke cika gida da dariya ta koma kamar baƙuwa a garin da ta tsufa.

Haka muka zauna har 2022. A shekarar ne malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda haka ina gida sa'ad da ambaliya ta zo. Ruwa ya shanye shinkafarmu, ya ci rabin gidan, muka kwaso abin da ya samu muka koma cikin birnin Haɗeja, gidan Baffana. A nan ne asirin Iya ya tonu. A ƙauye ta san inda kowane turmi yake, ba ta bukatar ido. A baƙon gida sai ga ta tana laluben bango, tana tuntuɓe da buta. Na haska mata fitilar waya, sai na ga tsakiyar idonta na dama ya yi fari kamar ɗigon nono, na hagu ma ya fara hazo. Ashe ta fi shekara biyu tana ɓoyewa, don kada a ce ga wata alamar ta ƙaru.

Ana cikin haka sai wani mutum ya sauka a unguwar, mai yawon maganin ido. Ya ce yana ce, kuma zai sauke ta a zama guda, kuɗinsa bai kai rabin abin da za a kashe a tafiya Kano ba. Ga hanyoyi ruwa ya yanke, ga babu amfanin gona. Baffa ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi boko, me ka gani?" Jama'a, a nan ne nawa laifin yake. Ban san komai a kai ba, amma girman kai ya hana in ce a dakata in tambayo. Na ce a gwada. Ni ne ma na riƙe kanta. Mutumin ya ɗiga wani ruwa, ya soka wani siririn ƙarfe ta gefen idon, ya ɗan danna. Nan take farin ya ɓace, tsakiyar ido ya koma baƙi. Ya ɗaga yatsu, ta ce uku. Mata suka rangaɗa guɗa, aka biya shi har da tukuici. Kwana huɗu bayan haka idon ya yi ja ya kumbura, ciwon kai ya hana ta barci, har da amai. Kafin mako biyu ko hasken rana ba ta gani da shi. Mai magani kuwa ya yi gaba.

Da aka koma makaranta na yi kwanaki ba na cin abincin kirki. Abokin ɗakina, wanda ke karatun likita, ya matsa mini har na ba shi labari. Bai zage ni ba. Ya yage takarda ya zana mini ido, muka kai tsakar dare a kai. Daga baya na shiga ɗakin karatu na ƙara da nawa. Abin da na fahimta shi ne zan kawo a nan, da irin Hausar da zan iya gaya wa Baffa.

Abin da muke kira baƙin ido ba abu guda ba ne, hawa-hawa ne. A gaba akwai wata fata garai-garai kamar gilashin agogo, ba ta da launi ko kaɗan. Bayanta akwai faifan nan mai launi, shi ne muke gani mu ce idon wane baƙi ne. A tsakiyar faifan akwai 'yar ƙofa, ta nan haske ke shiga. Bayan ƙofar kuma akwai wani ɗan madubi mai tattara haske ya kai shi bangon ido na baya. Tun shekaru dubu da suka wuce Ibnul Haisam, mutumin Basra, ya zauna a Alƙahira ya rubuta Kitabul Manazir tsakanin 1011 da 1021, ya tabbatar da cewa haske daga abubuwa yake tasowa ya shiga ido, ba daga ido yake fita ba. Ko idon kyanwa da muke gani yana ƙyalli da dare, hasken fitilarmu ne yake komo mana, domin tana da wani shimfiɗi mai maido haske a bayan idonta. Ɗan Adam ba shi da wannan.

Launin faifan kuwa daga wani sinadari yake, wanda masana ke kira melanin, shi ne dai ke ba fata da gashi duhu. Mai shi da yawa idonsa ruwan ƙasa ne mai duhu, irin namu. Abin mamaki shi ne, shuɗin idon wasu Turawa ba shuni a cikinsa ko ɗigo. Ƙarancin melanin ne kawai. In haske ya shiga faifan da ba shi da rini sosai, sai 'yan zaruruwan da ke ciki su warwatsa shi, kuma shuɗin da ke cikin hasken rana ya fi saurin warwatsuwa, shi ne ke komowa ga mai kallo. Wani Bature, John Tyndall, ya nuna haka cikin 1869 da ƙananan ɓurɓushi a cikin kwalbar gilashi, Lord Rayleigh kuma ya yi lissafinsa cikin 1871, ya bayyana dalilin shuɗin sararin sama. Da abokina ya kai nan sai na ce ya tsaya, ai na san wannan tun ina yaro. Siririn hayaƙin bandar Iya, in ya bi ta gaban ƙofar ɗaki mai duhu, shuɗi yake. In ka zagaya ka dube shi yana tsakaninka da rana sai ya koma ruwan ƙasa. Hayaƙin guda ne, inda ka tsaya ne ya sake.

Yawan melanin gado ne. Cikin 2008 Hans Eiberg da abokan aikinsa a Jami'ar Kopanhagen ta ƙasar Denmak suka nuna cewa galibin masu shuɗin ido sun gaji wani ɗan canji guda ne, wanda ke rage aikin ƙwayar gadon da ake kira OCA2, suka kuma ƙiyasta ya faru ne tsakanin shekaru 6,000 zuwa 10,000 da suka wuce. Wannan ƙwayar gado ba baƙuwarmu ba ce, domin ita ce ke da hannu a irin zabiyancin da ya fi yawa a Afirka. Shi ya sa idon zabiya ke yin ruwan zuma ko toka-toka. 'Ya'yan Turawa da yawa ana haifarsu da ido mai toka, ya yi ta duhu a shekararsu ta farko yayin da melanin ke taruwa. Namu jariran galibi da duhun suke zuwa.

To, yanzu sai mu koma ga ƙwaryar nan tamu. Akwai canjin ido na aro, irin shuɗin hantsi. Ka sa abokinka ya fuskanci rana da la'asar, idon da ka rantse baƙi ne za ka gan shi ruwan zuma. 'Yar ƙofar tsakiya tana tsukewa ta kai kamar milimita 2 a hasken rana, ta buɗe har wajen milimita 8 a duhu. In ta buɗe sai faifan ya tattare gefe, ido ya ƙara baƙi. Tsoro da fushi da ganin abin so duk suna buɗe ta. In kuma muka ce idon wane ya kaɗa ya yi ja, 'yan jijiyoyin jinin da ke kan farin ido ne suka cika. Kwalli ma aro yake bayarwa: duhun da ya kewaye ido shi ke sa farin ya ƙara fitowa. Jan da kan fito a hoto in an ɗauka da walƙiyar kyamara, hasken ne ya shiga ta ƙofar, ya bugi bangon baya mai yawan jini, ya komo. Masu ido mai haske nasu ya fi yawan sauyawa, har tufafin da suka sa da launin ɗakin da suke ciki kan taɓa shi. A duk waɗannan, faifan yana nan yadda Allah Ya yi shi.

Akwai kuma canji irin jan damina, wanda wani abu ne ya shiga. Zoben Iya yana cikin wannan kashi, sai dai shi ne mafi sauƙinsu. Kitse ne irin wanda ke yawo cikin jinin kowa, yake taruwa a hankali a gefen gilashin gaba in shekaru sun ja. Yakan fara daga ƙasa da sama, kana ya haɗe, daidai yadda na gani ina yaro. Shi kansa fari-fari ne, amma da yake yana gaban faifai mai duhu sai ya yi shuɗi-shuɗi, kamar hayaƙin nan a gaban ƙofa. Ba ya kaiwa tsakiya, saboda haka ba ya rage gani. Furfurar ido ce, in ji abokina, yawancin waɗanda suka yi tsawon rai suna samunsa. A idonmu masu duhu ne ya fi fitowa fili. Sai in ya fito wa wanda bai kai shekara arba'in ba, shi ne ake so a auna kitsen jininsa.

Rawayar idon yaron maƙwabtanmu kuwa shawara ce. Jajayen ƙwayoyin jini in sun tsufa sun fashe suna barin wani rini rawaya, hanta ce ke tace shi ta fitar. In hanta ta kamu da ciwo, ko jini ya yi ta fashewa fiye da ƙima kamar a sikila ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sai rinin ya taru, farin ido kuma shi ne ke fara nunawa. Wasu ire-iren ciwon hanta ta gurɓataccen ruwan sha suke yaɗuwa, ga mu kuwa a ƙasar da ruwa ke kwanciya wata da watanni. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ake ɗauka ta wajen kallo. Haka nan jan idon nan mai yaɗuwa da muke kira Apolo, ƙwayar cuta ce da ta ɓulla a Gana cikin 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, mutane suka haɗa biyun suka raɗa mata suna. Akwai hakiya, wadda tabo ne a gilashin gaba, ƙyanda ko rauni ko amosanin ido kan bar shi. Wanda ya fi duka bukatar gaggawa shi ne a ga fari a tsakiyar idon ƙaramin yaro, ko da a hoto ne. Wannan ba a kwana da shi, domin yana iya zama yana, yana kuma iya zama ciwon daji.

Saura yana, wadda ita ce ta ci idon Iya da taimakona. A nan ne na ga aikinmu na ɗaliban harshe. Yana a Hausa ita ce abin da ke kwanciya a kan kunu ko dafaffen nono, a sa cokali a yaye. Saboda haka duk wanda ya ji an ce yanar ido, sai ya ɗauka wani abu ne ya rufe ido daga sama. Alhali kuwa ɗan madubin nan ne na ciki, wanda ke bayan ƙofa, ya daskare ya yi fari, kamar yadda farin ƙwai ke garau yana ɗanye, in ya ji wuta ya rufe. Tsufa ne babban dalilinta, ciwon sukari da yawan zafin rana da hayaƙi suna gaggauta ta. Abin da mai yawon nan ya yi shi ne, ya tunkuɗe madubin ya faɗa can cikin ido. Shi ya sa haske ya shiga nan take har aka yi guɗa. Amma madubin da aka tunkuɗe yana nan ciki yana ta da kumburi, ga ƙarfe mara tsabta, ga idon ya rasa abin tattara haske. Dabara ce tsohuwa ƙwarai, wadda duniya ta daɗe da wucewa. Tun wajen shekara ta 1000 Ammar al-Mausili ya ƙera allura mai rami a Masar don ya zuƙo yana waje. Cikin 1949 kuma Harold Ridley ya fara sa madubin roba a madadin wanda aka cire, a birnin Landan.

Kada a ɗauka gidanmu ne kaɗai. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40, kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, kuma kashi 84 cikin 100 abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da 4 cikin 10 tunkuɗewa aka yi, kuma wajen 7 cikin 10 na waɗanda aka tunkuɗe ba sa gani. Ga shi kuwa asibitin ido ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, na mishan da ke Sabon Garin Kano tun 1943 yake aiki. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da rani ya shiga cikin 2023 na koma gida na ce a kai ta asibiti a duba na hagu. Iya ta ce sam. "Maigida, ka ci ɗaya, yanzu ɗayan kake nema?" Da wasa ta faɗa, amma maganar ta soke ni. Na durƙusa na ba ta haƙuri a gaban babana da Baffa, na ce wancan karon ban sani ba na yi kamar na sani, wannan karon na tambayo. Ta yi shiru har na fid da rai, can ta ce a sayar da tunkiyarta.

Likitar da ta duba ta mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta ce na dama ya riga ya tafi, na hagu kuwa yana ce kawai, za a iya aiki. Muna shirin fita sai Iya ta jawo mayafi, ta yi ƙasa da murya ta ce, "'Yar nan, wannan zoben fa, za ki iya cire mini shi?" Likita ta yi murmushi ta ce, "Iya, wannan ai shaidar shekaru ce. Kakata ma tana da shi, limamin unguwarmu ma haka. Ba ciwo ba ne, ba kuma alamar komai ba ce." Iya ta ce, "Har liman?" Ta ce, "Har liman." Ban taɓa ganin Iya ta yi kuka ba, ko ranar da idonta ya mutu, sai a wannan wuri.

Aikin bai kai rabin sa'a ba, ko barci ba a sa ta ba. Kashegari aka buɗe bandeji. Ta ɗan ƙyafta, ta dubi likita, ta juyo ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Ashe haka ka rame? Wannan gemun kuma na wane ne?" Aka miƙa mata madubi. Ta daɗe tana kallon zobenta, kana ta tura mayafin baya ta ce ai ma ya yi mata kyau.

Yanzu ta koma ƙauye, an ta da ɗakinta. Mun hana ta zama gaban hayaƙi, sai dai ta sa ido jikoki na juyawa. Yara sun komo, domin waɗanda suka tashi yanzu ba su san tsohon zance ba, kifi suka sani. Da na je hutun da ya wuce ta kira ni gefe ta ce, "Maigida, na ga zobe ya fara fito wa kakar yaron nan da ya rasu, na kuma ga ta soma sunkuyar da kai. Je ka gaishe ta, ka gaya mata abin da likita ta ce, kada ta tsorata." Na je, na kuwa gaya mata.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, ga roƙona. Mu ne ake tambaya a gida, ko mun karanta likita ko mun karanta Hausa, cewa ake yi wane ya yi boko. In ba mu sani ba, mu ce a dakata mu tambayo, wannan bai rage mu da komai ba. Kowannenmu in ya je hutu ya zauna kusa da tsohonsa a wuri mai haske, ya dubi idonsa da kyau. In zobe ne a gefe, ya kwantar masa da hankali. In fari ne a tsakiya, ko rawaya, ko ja mai ciwo, sai asibiti, kada a bari kowa ya kusanto shi da ƙarfe a zaure. Malamanmu kuma na Sashen Hausa, ina ganin lokaci ya yi da za a zauna da likitoci a daidaita sunayen sassan ido da cututtukansa, a rarrabe yana da hakiya da zoben tsufa, yadda mai wa'azi da mai shela a rediyo za su faɗa mutumin ƙauye ya gane. Ni dai aikin da Malam ya ba mu na miƙa shi a makare, ya kuwa rage mini maki biyu, ban yi gardama ba.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya bar mu da ganinmu har ƙarshen rayuwa, amin.